Ra'ayina kan injiniyoyin da suka duba mana tsagar tankin ƙasa a Katsina

Tankin ƙasa na kankare da muke tara ruwan bohol a ciki, a ƙaramar masana'antarmu ta ruwan leda da ke wajen Ƙofar Ƙaura, ya fara yoyo tun bara. Sau biyu birkila yana cike tsagar da siminti yana shafa filasta, sau biyu kuma tana sake buɗewa, har ta ƙara tsawo. A karo na uku ne na nemi wani ƙaramin ofishin injiniyoyin gini da ke cikin gari, kuma aikinsu nake son in bayyana ga wanda ke cikin irin halin da na shiga.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su yi maganar gyara ba sai da suka auna. Sun sa an zuƙe ruwan, sun auna faɗin tsagar a wurare da dama, sun gwada ƙarfin kankaren da wata guduma ta musamman mai nuna lamba, sannan suka yi alama a bakin tsagar domin su ga ko tana ci gaba da tafiya. Injiniyan ya nuna mini cewa a ginin da aka yi domin riƙe ruwa, ƙa'idar da suke bi ba ta son faɗin tsaga ya wuce milimita 0.2, tamu kuwa ta zarce haka nesa ba kusa ba.

Da na tambaye shi dalilin da ya sa filasta ba ta riƙe, sai ya ce, "Alhaji, tsagar da ruwa ke ciki dabam take da busasshiya." Ruwan da ya shiga cikinta yana tura ɓangarorinta biyu waje, kuma duk wannan ƙarfi a kan tsinin tsagar yake taruwa, kamar yadda yadi ke yagewa cikin sauƙi daga inda almakashi ya ɗan tsinke shi. A zurfin mita 3, wanda shi ne zurfin tankinmu, ruwa na danna kowace murabba'in mita da nauyin kimanin tan 3. Ko rami mai zagaye ne a jikin abin da ake ja, ƙarfin da ke gefensa yakan ninka sau uku, kuma tun a 1913 wani injiniyan Ingila mai suna Inglis ya nuna da lissafi cewa gwargwadon sirantar rami da tsininsa, gwargwadon ƙaruwar ninkin. Shi kuwa kankare gwani ne wajen ɗaukar dannawa, amma jurewarsa ga ja ba ta fi kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ga kuma rodin da ruwa ya taɓa, wanda ke tsatsa ya kumbura ya ƙara buɗe tsagar daga ciki. Wannan bayani shi ya fi mini komai daraja a aikin, domin sai a lokacin na gane cewa fuska kawai muke ta shafewa, ciwon kuma yana can ciki.

Sun shigar da awon a kwamfuta, sun lissafa yanayi biyu: tanki cike da ruwa a rani, da tanki fanko a tsakiyar damina, lokacin da ruwan ƙasa ke matsa bango daga waje. Ban taɓa tunanin na biyun ba, alhali kuwa a watan Agusta muka saba wanke tankin.

Inda nake da ƙorafi shi ne rahoton. Ya makara da kusan mako biyu bayan ranar da suka yi alkawari, kuma da Turancin injiniyoyi aka rubuta shi, cike da zane mai launi da birkilana bai iya amfana da shi ba, har sai da na roƙi injiniyan ya dawo ya yi masa bayani da baki. Kuɗin aikin ma ba kaɗan ba ne, ko da yake bai kai abin da na riga na ɓatar a filasta biyu da ruwan da ya tsiyaye ba.

An kankare tsatsar rodin, an ɗura ƙaro na musamman cikin tsagar har ƙarshenta, an kuma ƙara katanga ta ciki a ɓangaren da lissafi ya nuna rauni. Damina ɗaya ta wuce, alamar da suka yi a bakin tsagar tana nan inda take, za su kuma dawo su sake aunawa idan sanyin hunturu ya shigo.