Wata takwas da rataye gitocina a bango, ga abin da na gani

Ɗaki ɗaya da falo nake haya a Agege, kuma duk wanda ya san gidajen haya na Legas ya san falon nan da an saka kujeru da firij shikenan wuri ya ƙare. Gita biyu gare ni, Yamaha F310 ta katako wadda na fara koyo da ita da kuma Yamaha Pacifica ta lantarki da na saya a hannu. Shekara da shekaru a jakar yadi suke kwana ƙarƙashin gado, har daminar bara, wajen watan Yuni lokacin da ruwa yake kwana yana zuba, na yi sati uku ban buɗe jakar F310 ba, ranar da na zuge zif ɗin wani wari ya buge ni, fumfuna fari fat ta bi wuyan gitar har cikin jakar, tsirkiyoyin sun yi jawur da tsatsa. Wallahi ranar raina ya ɓaci sosai, na zauna a ƙasa ina gogewa da tsumma har aka kira magariba.

Daga nan na fara neman maratayi na bango. Na farko a intanet na saya wajen wani mai talla, mara suna, ƙarfe ne kawai mai yatsu biyu an zura masa baƙar roba. Arha ce ta ja ni. Bai yi wata biyu ba robar ta fara danƙo saboda zafi, in ka ɗauke gitar sai ka ji tana ɗan mannewa, kuma yatsun suna buɗewa a hankali in aka ɗora ta lantarkin. Na cire shi tun kafin ya yi min aika-aika.

Wanda nake amfani da shi yanzu na kamfanin Hercules ne, samfurin GSP38WB, mai gindin katako, guda biyu na ɗauko a kasuwar Alaba da ke Ojo, ɓangaren masu kayan kiɗa. Abin da ya burge ni tun a shago shi ne yadda yake kulle kansa. Kana ɗora wuyan gitar nauyinta zai danna shi ƙasa, sai wasu ƴan hannuwa biyu su juyo su rufe gaban kamar ƙofa, in za ka ɗauka kuma ka ɗaga ta sama kaɗan su buɗe da kansu. Ba maɓalli ba komai. Ni da nake da yarinya ƴar shekara uku mai jan duk abin da hannunta ya kai, wannan kaɗai ya isa ya sa na biya kuɗin, duk da ya ninka na farkon nesa ba kusa ba. Kamfanin sun rubuta yana ɗaukar kilo 7, F310 kuwa wajen kilo 2 take, ta lantarkin ba ta kai 4 ba, to akwai sarari. Kan maratayin kuma yana juyawa, wannan ya yi wa Pacifica amfani don kanta ba daidai yake ba, duk makullan tsirkiya shida a gefe ɗaya suke, sai ya karkata kaɗan ita kuma ta sauko a miƙe.

Amma fa maganar gaskiya, rabin aikin a bango yake. Sai da na fara zuwa wajen mai gidanmu, dattijo ne Bayarabe, na ce Baba ina so in huda rami huɗu a falo, ya ce ba damuwa in dai zan toshe ranar tashi. Sannan na kira wani ɗan'uwanmu mai aikin ɗaura labule da talabijin a unguwa. Bangonmu bulo ne mai rami a ciki, filasta kuma ta sha yashi, ramin farko da ya huda diril ɗin ya zurma fuu ba tare da ya ji tauri ba, ya zaro ya ce min "Yaya nan fa iska ce, in muka sa a nan watarana da dare za ka ji ta a ƙasa." Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da gindin sukundireba har ya sami inda sautin ya toshe, ya sa fisha mai mili 8, wato robar da ake cusawa cikin rami don sukuru ya kama, da dogayen sukuru nasa, ya ajiye ƙananan da suka zo a kwali. Da ya gama ya kama maratayin da hannu biyu ya ja ƙasa da ƙarfi, ko motsi bai yi ba. Kada wanda ya yarda a buga masa kusar kankare kawai a ce ya isa, fisha za a sa.

Zaɓen bangon ma sai da muka yi ƴar gardama da uwargida. Ita ta so kusa da taga don nan ne ya fi kyau in baƙi sun shigo, na ce mata rana tana dukan wurin tun daga azahar, ga feshin ruwa in an manta taga a buɗe. Bangon da ke jingine da banɗaki shi ma na ƙi shi don in ka dafa shi da damina sanyi za ka ji, fentin ma har ya fara kumbura. Bangon tsakiya muka zaɓa, wanda ya raba falo da ɗaki, nesa da inda hayaƙin janareton maƙwabta yake shigowa, kuma muka ɗaga sama yadda ƙasan gitar ya wuce kan yarinyar.

Ƙanena da ya zo daga Kano ya gani cewa ya yi "Yaya ba za ta lanƙwasa wuyan ba kuwa?" Ni ma da na yi wannan tunanin. Amma tsirkiyoyi shida na gitar katako in an ɗaure su daidai jan da suke yi wa wuyan ya kai wajen kilo 70, dare da rana, to kilo 2 na jikinta ba wani abu ba ne. Na ce masa ai ko a gida gurmi da garaya a bango ake rataye su tun kakanni. Wata takwas kenan, wuyan yana nan yadda yake.

Abin da maratayi ba zai yi maka ba shi ne maganin laimar Legas. Gitar katako ta fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55, ni kuwa ɗan agogon auna danshi da na manna kusa da su yakan haura 80 da damina, sai hunturu ya leƙo a Disamba da Janairu yake ɗan sauka. Don haka tsirkiya tana tsatsa har yanzu, sai dai ba kamar da ba, tunda iska tana zagayawa kuma idona yana kansu kullum, fumfuna dai ba ta dawo ba. Duk na gama kaɗawa ina goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle, ƙura kuma ta titin Agege sai an bi ta duk bayan kwana biyu. Wanda gitarsa mai tsada ce sosai, ni shawarata da damina ya mayar da ita akwati mai tauri da ƴan ƙullin silika masu tsotse danshi. Haka masu gita mai fentin da ake kira naitiro, irin na gitocin kamfanin Gibson, wannan fentin ba ya shiri da wasu robobi, gara a naɗa farin ƙyallen auduga a inda wuyan yake zama. Nawa fentin mai tauri ne, ban ga ko tabo ba.

Inda ya ɗan gaza, hannun wannan samfurin da ya fito daga bango gajere ne, in ka rataye F310 da gaggawa bayanta yakan taɓa bango, sai da na manna ɗan soso a wurin. Akwai GSP39WB mai dogon hannu, da na sani shi zan ɗauka wa ta katakon.

Da can sai in yi sati ban taɓa gita ba don ƙyuyar jawo jaka daga ƙarƙashin gado, yanzu ko na dawo a gajiye daga cunkoson Oshodi, ina zama kan kujera hannuna yake kaiwa, minti goma ko sha biyar kafin a kawo abinci. In Allah ya hore min ta uku, mai dogon hannun zan sa mata, kuma shi wannan ɗan'uwan namu zan sake kira ya huda.