Frontline a kasuwarmu: yana kashe ƙuma, kaska sai da taimako, kunne kuwa ba aikinsa ba ne

A kantunan maganin dabbobi na Garwa, Marwa da Ngaundere, idan ka ce kaska ta addabi karenka, Frontline ne za a fara miƙo maka. Kamfanin Merial ne ke yin sa a da, yanzu kuma yana hannun Boehringer Ingelheim tun 2017. Sinadarin da ke cikinsa fipronil ne, kuma iri biyu ake samu: na ɗigawa a wuya da na fesawa.

Na ɗigawa yana zuwa a 'yar roba, kowace da nauyin da aka yi ta dominsa. Mil 0.67 na kare mai kilo 2 zuwa 10 ne, mil 1.34 na kilo 10 zuwa 20, mil 2.68 na kilo 20 zuwa 40, sai mil 4.02 na kilo 40 zuwa 60. Na kyanwa mil 0.5 ne. A nan ake fara ɓata shi, domin mutum zai sayi ƙaramar roba saboda araha ya ɗiga wa ƙaton karen gadi, ko ya raba guda ɗaya wa karnuka biyu, sannan ya ce maganin jabu ne. A auna dabbar tukuna. Wanda ba ya son ɗaukar kare a jikinsa, ya sa shi a buhu ya rataya a sikelin masu hatsi.

Wajen sawa, a buɗa gashi tsakanin kafaɗu har a ga fata, a matse robar a kan fatar, wuri ɗaya ko biyu, inda harshe ba ya kaiwa. Maganin ba ya shiga jini, maiƙon fata yake bi ya bazu a jiki. Shi ya sa wanka da sabulu cikin kwana biyu bayan sawa ke lalata aikin, haka ma karen farauta da ya faɗa Binuwai washegari.

A kan ƙuma ba mu da ƙorafi. Cikin awa 24 take mutuwa, kuma kariyar tana kai wata guda ko fiye. Kaska ce matsalar. Frontline ba ya korar ta, sai ta hau ta taɓa maganin, mutuwarta kuma kan ɗauki har awa 48. Jar kaskar kare, wadda ta fi yawa a gidajenmu, ba a daji take zama ba. Cikin tsagar katanga take, da ƙarƙashin langa-langa, da ramin da kare ke kwanciya a gindin darbejiya. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, saboda haka ka kashe ta jikin kare yau, gobe wata ta sauko daga bango. Sai an share makwancin, an ƙona tsummokaran, an toshe tsagogi da siminti ko laka, an fesa wa bangon maganin kaska, dabbobin suna waje har ya bushe. Da damina kada a wuce mako huɗu ba a sake ɗigawa ba, amma kuma kada a sake kafin mako huɗun su cika. Idan kare ya daina ci, dasashinsa ya yi fari, ko hancinsa na zubar da jini, mai yiwuwa cutar da kaska ke sawa ce ta kama jini. Wannan sai likitan dabbobi.

Ga mai karnuka da yawa, na fesawa ya fi riba, kuma shi kaɗai ake iya sa wa ɗan kwikwiyo tun yana kwana biyu, alhali na ɗigawa sai ya cika mako takwas. Ma'auninsa mil 3 zuwa 6 a kowane kilo. Kwalbar mil 250 tana fitar da mil 1.5 a kowace matsa, wato kare mai kilo 15 da gajeren gashi matsa 30 ya ishe shi, kwalba ɗaya ta yi sau biyar. A sa safar hannu, a fesa daga wutsiya zuwa kai, a murza har fata ta jiƙe, fuska kuwa a shafa da hannu. Yana kama wuta, don haka a nisanci murhu har ya bushe.

Ƙwarin kunne dabam ne. Idan kyanwa na kaɗa kai tana sosa kunne, ciki kuma da baƙin datti mai kama da garin kofi, ɗigon Frontline a wuya ba zai warkar da ita ba. Maganin Stronghold ko Advocate ake nema, bayan an goge kunnen da auduga, ba da tsinke ba. Duk dabbobin gidan ake yi wa tare, domin ƙwarin na yaɗuwa, kuma daga ƙwai zuwa babba kusan mako uku yake ɗauka.

Tsadarsa ce ke tura mutane ga maganin kaskar shanu ko baƙin mai, kuma nan ne ake asarar dabbobi. Duk abin da ke da permethrin ko amitraz kada ya taɓa kyanwa, yana iya kashe ta. Shi kansa Frontline guba ne ga zomo. A kuma duba inda mai kanti ya ajiye shi. Kwalin da ya sha ranar watan Afrilu a kan teburin kasuwa, ko robar da aka zare daga kwali ba kwanan ƙarewa, gara a bar masa kayansa a nemi kantin da ke da likita.