Bubbuga Jiki Don Rage Damuwa: Me Ya Cancanci Kuɗinka?

Minti biyar kafin mu shiga wani taro mai zafi, na ga abokin aikina yana bubbuga saman ƙirjinsa da yatsu biyu, yana magana ƙasa-ƙasa. Daga nan na fara bin diddigin abin, na kuma kashe kuɗi a inda bai kamata ba. Shi ya sa nake so ka san abin da kake saye kafin ka sa hannu a aljihu.

Sunan dabarar EFT, wato Emotional Freedom Techniques, hanyar rage damuwa ta bubbuga wasu wurare a jiki da yatsu. Wani Ba'amurke, Gary Craig, shi ya yaɗa ta a shekarun 1990, bayan ya sauƙaƙa hanyar malaminsa Roger Callahan, masanin halayyar ɗan'adam. Wurare tara ake bubbugawa: gefen tafin hannu, farkon gira, gefen ido, ƙarƙashin ido, ƙarƙashin hanci, haɓa, ƙasan ƙashin wuya, ƙarƙashin hammata, sai tsakiyar kai. Kana yi kana faɗin abin da ke cin ranka, kana kuma auna nauyinsa daga 0 zuwa 10 kafin ka fara da bayan ka gama.

Bidiyon kyauta da ke YouTube ya isa ya koya maka wannan duka cikin rabin awa. Matsalarsa ɗaya ce: wasu masu yin sa suna cika baki, har da cewa yana warkar da kowace cuta. Ka ɗauki wuraren bubbugawar, ka bar musu alƙawuran.

Manhajar waya, irin The Tapping Solution, ba sabuwar dabara take sayar maka ba. Murya ce da ke jan ka mataki-mataki, da tunatarwa ta kullum. Idan kai mai fara abu ne ka watsar bayan kwana uku, tana da amfani. Amma a ofis ba ta yi min ba. Wa zai toshe kunne na minti goma maigidansa na jiran rahoto? Kuma kuɗinta na wata-wata ne ko shekara-shekara, sai ka duba yadda ake soke shi tun kafin ka shiga.

Littafi ɗaya ya wadatar, don yawancinsu maimaici ne. Tabarma mai tsini da zoben matsa yatsa kuwa wani abu ne daban, ba sa cikin dabarar. Tawa tana nan a naɗe.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne zama da ƙwararre. Shi ya fi tsada, shi ya fi haɗari idan ka faɗa hannun da ba daidai ba. Takardar shaidar EFT ba lasisin likita ba ce, ana iya samun ta bayan gajeren kwas. Idan damuwarka ta kai ga rashin barci na makonni, ko firgici, ko tsohon tashin hankali da ke dawo maka, nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya mai lasisi, ka tambaye shi ko yana haɗawa da bubbugawa. Kada ka bar maganin da aka rubuta maka saboda wani ya ce yatsu sun isa.

Akwai dalilin da ya sa nake cewa a fara da na kyauta. A wani bincike na 2003, masu bincike biyu, Waite da Holder, sun sa wasu mutane bubbuga wuraren da aka saba, wasu wuraren da ba su ba, wasu ma jikin 'yar tsana, kuma duk tsoronsu ya ragu kusan daidai. Ni abin da na fahimta, sauƙin yana zuwa ne daga tsayawa, da numfashi a hankali, da kiran damuwar da sunanta. Har yau idan saƙon aiki ya tayar min da hankali, nakan sa hannu ƙarƙashin tebur in bubbuga gefen tafina, in ce a raina, "Ina tsoron ba zan gama a kan lokaci ba." Sau da yawa 8 takan sauko zuwa 5, in iya buɗe saƙon in amsa.