Tsakanin Bubble Eye da Fantail: Amsa ga Mai Shirin Sayen Kifin Ado

Assalamu alaikum, Malam. Tun da ka ce zaɓinka ya tsaya tsakanin Bubble Eye da Fantail, nau'o'i biyu na kifin zinariya, shawarata ita ce ka sayi Fantail, domin dukansu biyun na kiwata a falona a nan Kano, kuma Fantail ne kaɗai ya rage mini har yau.

Fantail ɗina guda biyu ne, ɗaya mai ruwan lemo, ɗaya fari mai ɗigon ja a goshi, kuma bana shekararsu ta biyar ke nan a hannuna. Ranar da na shigo da su cikin leda kowannensu bai kai tsawon ɗan yatsana ba, yanzu kuwa babban ya kusa cika tafin hannuna idan ba a haɗa da wutsiya ba. Da na dawo daga sallar asuba na kunna fitilar falo, sai su taso gaban gilashin suna kaɗa wutsiyar nan mai reshe biyu, suna jiran abinci, har ƙaramar 'yata ta karɓe aikin ciyar da su daga hannuna. Ranar da na san darajarsu kuwa ita ce wata bazara da taransifomar unguwarmu ta lalace, muka yi kwana uku babu wuta a tsakiyar watan Afrilu. Ruwan tankin ya ɗau zafi har ya haura digiri 30, kifayen suka hau sama suna buɗe baki a fuskar ruwa. Na daina ba su abinci, na jona ƙaramin famfon iska mai batir, na riƙa sayo ƙanƙara ina sa ta cikin gora in rufe in ajiye a kan ruwan don ya huce a hankali, kuma safe da yamma ina canja musu bokiti guda. Da wuta ta dawo, dukansu biyun suna nan lafiya lau.

Bubble Eye yana da ɗaukar ido, kuma baƙo kan tsaya ya tambayi sunansa. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan. Guda ɗaya na taɓa saya, a kan kuɗin da ya kusa ninka na Fantail sau uku, kuma bai cika wata uku a gidana ba.

Asalinsu ɗaya ne. Dukansu kifin zinariya ne, wanda mutanen ƙasar Sin suka duƙufa wajen kiwonsa da zaɓen irinsa tun zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, kuma daga wannan zaɓen iri ne aka fitar da siffofi iri-iri. An bar wa Fantail fiffikensa na gadon baya da idanunsa na asali, shi ya sa yake iyo da ƙarfinsa, yake kuma ganin abincinsa. Bubble Eye kuwa ba shi da fiffiken baya sam, sannan a ƙarƙashin kowane ido akwai jakar fata mai siriri cike da ruwa, wadda ke ƙara girma yayin da kifin ke girma, tana tura idon sama, tana rinjayar kansa idan zai yi iyo. Wannan jaka ita ce kyansa, ita ce kuma ajalinsa a hannun wanda bai shirya masa ba.

A mako na shida da sayen Bubble Eye ɗina na sauko da safe na tarar bututun filta, wato na'urar tace ruwan tankin, ya zuƙe jakar hagu ta kifina, ta yamutse tana lilo a kumatunsa kamar balan-balan ɗin da aka huda. Jakar takan sake cika cikin 'yan makonni idan ƙwayar cuta ba ta shiga raunin ba, ko da yake sau da yawa ba ta komawa daidai da 'yar'uwarta. Nawa bai samu wannan sa'ar ba. Na ware shi a baho, na riƙa canja masa ruwa kullum, na sa masa magani, amma wurin ya yi fari-fari kamar an manna auduga, ya daina ci, ya mutu. Abin ya daɗe yana damuna, domin da na san abin da na sani yanzu, da ban sa shi cikin wannan tankin ba.

Batun kuɗi kuma, farashin kifin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Kifin zinariya guda yana bukatar ruwa kamar lita 75, kowane ƙari kuma kamar lita 40, saboda haka kifi biyu suna son tankin da bai gaza lita 115 ba. Ka haɗa da filta, da famfon iska, da na batir saboda ɗaukewar wuta, da maganin kashe kulorin idan ruwan famfo za ka yi amfani da shi, da abinci. Ga Fantail, a nan lissafin ya tsaya. Bubble Eye kuwa yana bukatar tanki nasa na daban, domin idan ka haɗa shi da kifin da ya fi shi sauri da gani, kafin ya lalubo ƙwaya ɗaya an cinye sauran. Tankin nasa ba ya son tsakuwa mai kaifi ko furen roba ko wani dutsen ado, filtarsa dole ta zama ta soso wadda ba ta jan ruwa da ƙarfi, kuma ko kama shi ba a yi da raga, sai dai a ɗebo shi da kwano tare da ruwansa. A garin da ruwa ke yin zafi irin namu, alhali wannan kifin ya fi sakewa tsakanin digiri 18 da 23, kana ɗora wa mai rauni wani nauyin ne a kan nasa, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi.

Kula ta yau da kullum iri ɗaya ce ga dukansu. Kifin zinariya ba shi da tumbi irin wanda ke ajiye abinci, yana ci yana fitarwa, kuma kashinsa yana sakin amoniya wadda ke ƙona masa wurin numfashi. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a cikin soson filta su ne ke karya wannan guba, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon tanki, saboda haka ka kafa tankin tun kafin ka sayo kifin. Kada ka wanke soson da ruwan famfo, ka matse shi cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin. Kowane mako ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka ba su abinci mai nitsewa sau biyu a rana, daidai abin da za su cinye cikin minti biyu. Idan ka ga ɗayansu yana birkicewa ciki sama, ka hana shi abinci kwana biyu, sannan ka ba shi dafaffen koren wake irin wanda ake zubawa a shinkafa, bayan ka ɓare bayansa. Da irin wannan kulawa Fantail kan kai shekara 10 ko fiye.

Ba ka tambaye ni ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Wanda ya sayar mini da Bubble Eye ya rantse mini cewa kowace filta ta yi masa, kuma zai zauna da kowane kifi, alhali ya san ba haka ba ne. Akwai masu cewa ƙaramar tukunyar gilashi ta isa, ba sai da iska ba, don kifin ya mutu ka dawo ka sake saye. Akwai kuma masu nuna maka ɗan Fantail su kira shi Oranda, wato nau'in kifin zinariya mai tudu a kai, su ƙara kuɗi, su ce tudun kan zai fito nan gaba. Kafin ka biya, ka tsaya gaban tankin na 'yan mintoci, ka nemi a zuba abinci a gabanka, ka zaɓi wanda ya riga sauran zuwa, fiffikensa na baya a miƙe, jikinsa babu fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri. Idan ka hango mushe ko da guda ɗaya ne a cikin tankin, ka bar shagon. Ka ɗauki Fantail biyu masu girma ɗaya, in ka isa gida ka ajiye ledar a kan ruwan tankinka na minti ashirin kafin ka sake su.