Sikelin da na saya don awon zuma da man gyaɗa

Wata huɗu ke nan ina amfani da ƙaramin sikelin nan na kicin mai batir, wanda ke ɗaukar har kilo 5. Zuma da man gyaɗa nake sarowa a jarka ina ɗurawa a kwalabe, kuma na gaji da awon ido.

Wajen nauyi ban same shi da laifi ba. Na gwada shi da ruwa lita ɗaya, ya nuna giram 1,000 cif. Akwai kuma maɓallin da ke mayar da shi sifili bayan ka ɗora kwalba, sai ya auna abin da ka zuba kawai. Wannan ya rage mini wahala sosai.

Inda na ji ciwo shi ne maɓallin ml, wato mililita, wanda 1,000 ɗinsa ne lita ɗaya. Na ɗauka da na danna shi, lita zai ba ni ko me na zuba. Ashe shi nauyi kawai ya sani, kuma lissafin ruwa yake yi wa komai. Ranar farko na zuba zuma har ya nuna ml 1,000, na duba kwalbar lita ɗaya, ko kafaɗa ba ta kai ba. Zuma ta fi ruwa nauyi, litarta kusan kilo 1.4 ce, don haka abin da na zuba wajen ml 700 ne kawai. Da kwalbar ba mai nuna ciki ba ce, da na tauye wa mutane haƙƙinsu ban sani ba, abin da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Man gyaɗa kuwa akasin haka: litarsa wajen giram 910 ce, sai ya cika har ya malalo kan farantin sikelin, lambar ba ta kai 1,000 ba.

Ƙanena da ke karatun kimiyya ne ya warware mini. Ya ce, "Yaya, bar shi a giram, ki raba nauyin da nauyin lita guda na abin." Yanzu na rubuta a kwali na manna jikin bango: rabin litar zuma giram 710, rabin litar mai giram 455.

Takardar da ke cikin kwalinsa ba ta yi wannan bayani ba, kuma ya kamata a ce ta yi. Mai sana'a irin tawa ta saya, yana da amfani, amma ta nemi nauyin litar kayanta tun kafin ta fara ɗuri. Jarka kam sai babban sikeli.