Bandar Haƙarƙari a Gawayi: A Naɗe Shi Ko A Bar Shi Buɗe?

A Amurka haƙarƙarin alade aka fi bandawa, amma na sa ma yana karɓar wannan gashi. Sharaɗin farko ɗaya ne: a ɓare yanar da ke bayan ƙashin, a riƙe zafin murhu tsakanin digiri 107 da 120 a ma'aunin Celsius, naman kuma nesa da garwashi.

Masu naɗewa suna bin tsarin 3-2-1: awa 3 a hayaƙi, awa 2 cikin takardar alminiyom da ɗan ruwa, awa 1 a buɗe. Dalili kuwa, idan zafin cikin naman ya kai wajen digiri 70 sai ya cije, ya daina hawa, domin ruwan da yake fitarwa yana sanyaya shi. Naɗewa tana hana wannan. Illarta ita ce tururi yana jiƙa ɓawon waje, in kuma aka zarce lokaci naman ya dagargaje kamar dafaffe.

Barin shi a buɗe ya fi ba da ɓawo da ƙanshin hayaƙi, sai dai yana cin gawayi da lokaci, kuma siririn haƙarƙari kan bushe.

Sabon shiga ya naɗe, ya fi masa sauƙi.