Ajin cigong na Guangzhou: tsohon ya iya aikinsa, yaronsa ne ya kusa halaka ni

Tun ina yaro nake fama da asma, kuma duk mai harkar yadi a Kantin Kwari ya san yadda ƙurar dila take yi wa ƙirji, balle hunturu ya shigo. Zuwana Guangzhou ta ƙasar Chana a watan Oktoba, ejan ɗina ya ji yadda nake tari a masaukinmu na unguwar Xiaobei, sai ya ce akwai wani tsoho da ke koya wa baƙi cigong da taici, wato motsa jiki da atisayen numfashi na gargajiyar Sinawa, a lambun Yuexiu da sassafe. Kuɗin ajin kuwa, waɗanda suka je sun san shi, ba sai na faɗa ba. Zama 10 ne a lambu, sannan wata 3 na darasi ta manhajar WeChat idan ka dawo gida. Don kunyar ejan na biya, ban sa rai da komai ba.

To, tsohon ya ba ni mamaki. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin Sinanci, da hannu muka yi ta yi. Ranar farko bai bar ni na yi motsi ko ɗaya ba. Tafin hannuna ya ɗora a kan cibiyata, ya nuna in ja iska ta hanci har cikin ya kumbura, in sake ta a hankali. Ashe shekara da shekaru da kafaɗa nake numfashi. Daga nan muka shiga Baduanjin, motsi 8 ne, wanda ya fi min daɗi shi ne na biyu, ka buɗe ƙafa ka ɗan durƙusa ka ja hannu kamar maharbi ya ɗana baka. Ƙirji yana buɗewa har ka ji. Sai tsayuwar nutsuwa, hannuwa a gaba kamar ka rungumi randa, kana ƙirga numfashinka. Na tambaya tun farko ko akwai rusuna wa wani abu ko karanta wasu kalmomi, aka ce babu, kuma ban gani ba. Kafin in baro Chana ina hawa matakalar masauki har hawa na huɗu ba tare da na tsaya dafa bango ba. Da a nan aka tsaya, yabo kawai zan rubuta.

Amma akwai yaronsa, wanda yake fassara kuma yake karɓar kuɗi. Ranar sallama ya ga na fito da inhela daga aljihu, sai ya yi dariya ya ce ai wannan ita ke raunana huhu, in daina, cigong zai gina min garkuwar jiki yadda ko mura ba zan ƙara yi ba. Har da nuna min takardun bincike a waya. Ni kuma da yake na ga sauƙi da idona, sai na hau na zauna.

Na dawo Kano, na ajiye ta rigakafin da likita ya ce in riƙa shaƙa safe da dare, ita kuma shuɗiyar ta gaggawa na jefa ta a durowa. Mako uku lafiya lau, ina ta yi wa abokan kasuwa wa'azin numfashin ciki. Sai wata ranar Laraba a Disamba hazo ya sauko, irin wanda ba ka hango ƙarshen layi. Mun sauke dila 6 a shago, na shiga adaidaita da yamma, muka maƙale a cunkoso wajen Ƙofar Mata. Na fara jin ƙirjina yana kukan usur. Na ce ba komai, na ɗora hannu a cibiya kamar yadda aka koya min. Iska ta ƙi shiga. Na sake gwadawa, gumi ya keto min cikin wannan sanyin. Na laluba aljihu, sai carbi da makulli. Wani dattijo da ke gefena ya ce, "Alhaji, lafiya?" Ban iya amsa masa ba. Shi ya daka wa mai adaidaita tsawa ya hau gefen titi, suka kama ni zuwa wani kemis, aka sayi inhela nan take, daga can aka wuce da ni asibiti aka sa min na'urar tururi a fuska. Uwargida ta iso tana kuka, da ta ji dalili kuma kukan ya koma faɗa. Likitan bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Alhaji, motsa jikin ka ci gaba da shi, amma wa ya ba ka izinin ajiye magani?"

Ɗana mai karatun jinya shi ya binciko min takardun da yaron ya nuna. Ba na ƙarya ba ne, wannan ne ma ya fi ɓata min rai. Akwai wanda masu bincike na Guangzhou da Landan suka fitar a 2018 a kan mutum 120 masu ciwon toshewar huhu, inda taici ya yi kafaɗa da kafaɗa da atisayen da ake ba su a asibiti. Sai dai dukkansu suna kan maganin shaƙa a lokacin. Na garkuwar jikin kuma a Amurka aka yi shi a 2007, tsofaffi suka yi mako 16 suna taici, aka ga jikinsu ya ƙara ƙarfin yaƙi da ƙwayar cutar ƙarambau, kuma su ma allurar rigakafi aka yi musu a kai. Wannan rabin ne yaron ya haɗiye.

Darasin WeChat ɗin ma wani abin haushi ne. Ƙarfe 7 na safiyarsu ake yi, wato 12 na dare a nan. Sau biyu na samu shiga. Na roƙi a riƙa turo min faifan, aka turo guda uku aka yi shiru. Da na rubuta masa abin da ya same ni, hoton hannuwa biyu a haɗe ya aiko min, shi ke nan.

Har yau bayan sallar asuba ina yin motsin nan 8 a tsakar gida, takunkumi a hanci idan akwai hazo, inhela a aljihun gaba. Barcina ya gyaru, tarin dare ya ragu. Mura kuwa na yi ta sau biyu tun dawowata. Idan na koma a Afrilu zan je in gaida tsohon, da tafintana zan tafi, don ina so in ji ko ya san abin da ake faɗa wa mutane da sunansa.